Fasfon Ƙanena Ya Dawo Shi Kaɗai

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda. Shi ke kai matafiyi, Shi ke dawo da shi idan Ya so.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari a duniya, ni da ƙanena, kuma shekara tara na ba shi. Ni ina zaune a Kagarawal, a gidan da mahaifinmu ya gina. Ina karantar da magidanta bayan la'asar, da damina kuma in sauka gona a bayan gari. Shi ya yi gidansa a Nasarawo, sana'arsa aikin wuyan riga. Na hannu yake yi, ba na keke ba. Zai zauna a rumfar ƙofar gidansa, ya ɗora shadda a gwiwa, ya yi wata biyu a kan riga guda ba ya gajiya. Tun yana yaro Hamma yake kirana, wato yaya, kuma ban tuna ranar da na ce masa ga abin da za a yi ya ce mini a'a ba. A da ina lissafa wannan cikin ni'imomin da Allah Ya yi mini.

Ciwon suga ya shige shi, daga baya ya hau idonsa. Da farko ya ce masu ƙera allurar zamani ne suka rage mata kafa don mugunta. Muka yi dariya. Sai matarsa ta koma zura masa zare. Ranar da ya ɗinka kore a inda ya kamata ya sa shuɗi, har ya ci rabin aljihu bai lura ba, ranar ya ajiye rigar, ya soke allurar a jikinta, ya hau acaɓa ya zo wurina. Ya zauna a kan buzuna har aka kira magariba.

Mun je asibiti a nan Gombe, mun je Kano. Aka yi abin da aka iya. Sai mutane suka yi ta ba mu labarin likitocin ido na Sudan, wannan ya ce kawunsa ya je yana laluben bango ya dawo yana karanta jarida, wancan ya faɗi irin nasa. Mu kuwa Sudan ba baƙon wuri ba ne a gidanmu. Kakanmu da ƙanensa sun tafi hajji a ƙafa. Kakanmu ya dawo, ƙanen ya tsaya a can ya yi aure ya hayayyafa. Ɗansa shi muke kira Baffa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na san hannunsa kamar yadda na san nawa, domin wasiƙa ba ta taɓa yankewa tsakanin gidajen biyu ba. Mahaifinmu ya yi ta rubuta masa da ajami ta hannun alhazai da fatake, da ya rasu ni na gaji alƙalamin. Ko da waya ta zo, Baffa bai ba ta amana ba. Ya taɓa rubuto mini cewa maganar da ba ta sha tawada ba, iska ce.

Muka yanke shawara ƙanena zai je, ya sauka a gidan Baffa. Ba mu gaya wa kowa ba. Haka muka taso muka gani: tafiyar neman lafiya ba a shelanta ta, saboda baki. Mutanen Nasarawo duk sun ɗauka Kano zai koma.

Mutum ɗaya ne ya sani a waje, maƙwabcina na katanga ɗaya. Mutumin Kaltungo ne, Kirista, ya yi aiki shekaru masu yawa a ofishin da ke duba takardun masu shiga da fita ƙasa, har ya yi ritaya. Akawu nake ce masa. Shi kuma yana ce mini Malam mai baya-baya, wai don ina fara rubutu daga inda mutanen kirki ke ƙarewa. Shi ya nuna mana yadda za a yi fasfo, ya raka ƙanena har wurin ɗaukar hoto.

Saura kwana biyu tafiya, muna zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidana da hantsi, ya ciro wata 'yar takarda daga aljihun gaba.

"Malam, karɓi wannan ka ba yaronka."

"Yaron da ya aurar da 'ya?"

"A wurina yaro ne. Saurara. Ina jin rediyo, ƙasar nan ba ta yi mini ba. Sojojinsu sun rabu biyu, suna hararar juna kamar ragunan layya a turke ɗaya. Abu uku na rubuta. A ɗauki hoton fasfon a bar maka a gida. Da ya sauka, ya je ofishin jakadancinmu ya rubuta sunansa da unguwar da yake. Ga lambarsu nan a ƙasa. Na uku, fasfon kada ya bar jikinsa, ko banɗaki za shi."

Na karɓa ina murmushi. Na ce, "Akawu sarkin takarda! Kai ko Aljanna aka ce ka shiga, sai ka tambayi wa ya sa hannu."

"Zan tambaya mana. In wani ya shiga da sunana fa?"

"Gidan ubansa za shi, ba gidan haya ba. Mutumin da ya sauka a hannun danginsa, me zai je nema wurin hukuma?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Dangi suna da tuwo da shimfiɗa, Malam. Mota da jirgi kuwa hukuma ke da su. Ka dai ba shi."

Na ce to. Na shiga gida na sa takardar a cikin gafakar littattafaina, kuma a nan ta zauna.

Ba mantuwa na yi ba, gara in faɗi gaskiya tun da ita na zauna rubutawa. A tarbiyyar da aka yi mana, baƙo idan ya sauka, abin da ya fara yi bayan gaisuwa shi ne ya tattara duk abin da yake tsoron ɓatansa ya danƙa wa mai masaukinsa. Fatake haka suke yi, alhazan ƙafa haka suka yi. Mai gida ya riƙe, ranar tafiya ya mayar, ya yi addu'a, ya sallami baƙonsa. Wanda ya ɓoye abinsa a ƙugu a gidan da ake ciyar da shi, ya ce wa mai gidan ɓarawo ke nan ba da baki ba. Wanda kuma ya je ya kai sunansa wurin hukuma, kamar ya ce inuwar gidan ba ta ishe shi ba. Na ga idan na ba ƙanena takardar Akawu, na aike shi ya ci mutuncin tsohon da mahaifinmu ke girmamawa.

Sai na rubuta tawa wasiƙar zuwa ga Baffa, na naɗe ta da kyau. A tasha, kafin motar Kano ta cika, na ja shi gefe na ce, "Da ka gaisa, ka ba shi wannan, ka ba shi fasfonka da tikitinka. Kada ka fita gidansa sai ya sallame ka. Ka nuna musu gidan da ka fito."

Ya ce, "To, Hamma."

Wani ɗan kasuwa mai sayo turaren wuta da humra ne ya yi masa rakiya har ƙofar gidan Baffa, ya yi sayayyarsa ya dawo bayan mako guda. Ya ce mini tsohon da ya karanta wasiƙata sai da ya yi kuka, ya yanka rago. Fasfon kuwa ya sa shi a wata jakar fata da yake rataye da ita a ƙarƙashin riga, inda yake ajiye duk amanar da aka ba shi. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce ga zumunci, ina Akawu ya zo ya gani.

Aka yi aikin idon dama kafin azumi ya kama. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ina alwalar azahar, muryarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi.

"Hamma! Na ga kafar allura!"

"Masu ƙera ta sun tuba ke nan?"

"Wallahi sun tuba. Sau uku ina zura zare ina cirewa, Baffa na ta yi mini dariya."

Aka sa ranar aikin ido na biyu a goman ƙarshe na azumi. Aka yi, aka rufe idon da bandeji, aka ce ya kiyaye haske da ƙura. Baffa ya ga baƙonsa na samun sauƙi, sai ya tafi ƙauyen da gonarsa take don ya kawo dawar zakkar fid da kai, da niyyar kwana biyu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa kowa na gidansa a wasu garuruwa. Ya bar ƙanena a hannun maƙwabcinsa, wani mai gidan burodi, shi ma jikan Hausawa ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Jakar fatar kuwa tana wuyan Baffa, don bai taɓa barin amana a ɗaki ya yi tafiya ba.

Washegari yaƙi ya ɓarke.

A rediyo na ji, da safe. Nan take na kira ƙanena. Ya ɗauka, ina jin dum, dum, a bayan muryarsa. Ya ce, "Kada ka damu, Hamma, mutanen nan sun fara bindigar Sallah tun ba a ga wata ba." Na san don ni yake yin raha. Gidan Baffa yana tsallaken kogi ne daga tsakiyar babban birnin ƙasar, ya ce an ce sojoji sun tsare gadoji.

Akawu ya shigo ko sallama bai gama ba. Ya ce, "Ka ji? To, mu gode wa Allah sunansa na wurinsu. Irin wannan lokaci da takardar sunaye suke aiki. Za su neme shi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya sa."

Kusan kwana goma na yi ina riƙe da wannan ƙarya. Kullum da safe zai leƙo ya ce, "Sun kira shi?" in ce tukuna. Ina azumi, ina karanta wa mutane babin gaskiya da amana bayan la'asar, amma na kasa buɗe baki in ce wa maƙwabcina takardarsa na cikin gafakata. Ina ta ce wa kaina gobe za a sasanta, Baffa zai dawo, ba sai an ji kunya ba. Aka yi Sallah ba a sasanta ba.

Da aka sanar a rediyo cewa ana shirya motocin da za su fitar da 'yan ƙasarmu zuwa kan iyaka, Akawu ya zo ya tsaya a kaina ina zaune a zaure.

"Malam, dube ni. Yaron nan ya je ofishin ko bai je ba?"

Na tashi na ɗauko gafakar, na ciro takardar, na miƙa masa. Ko lanƙwasar da ya yi mata ba a warware ba. Na jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya sa tabarau ya ce, "Kawo wayarka."

Tun hantsi muke kira, layi a cike. Ya kira da tawa, ya kira da tasa. Matarsa ta aiko masa da abinci ya ce a mayar. Sai bayan azahar wata mata ta ɗauka. Da ta ji Turancin Akawu ya haɗu da salatina a gefe, sai ta juya Hausa. Muryarta ta dushe, ka san ta kwana biyu ba ta huta ba. Ta tambayi sunansa, na faɗa. Ta tambayi lambar fasfo, na ce ban sani ba. Ta ce ko akwai hotonsa a gida, na ce babu. Na ji tana buɗe takardu.

"Baba, ba ya cikin waɗanda muka sani. Wace unguwa yake?"

Na faɗa mata. Sai ta ce:

"Shekaranjiya muka samu hanya, aka aika mota unguwannin tsallaken, ta kwaso waɗanda suka ba mu adireshi. Da mun san yana nan..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Bari wannan. Gobe da sassafe motoci za su tashi daga harabar wata makaranta." Ta kwatanta wurin, Akawu na rubutawa. "Idan zai iya isowa yau kafin rana ta faɗi, ya zo. Na rubuta sunansa yanzu da hannuna."

Na ce, "'Yata, fasfon ba ya hannunsa."

"Ya zo haka nan. Za mu yi masa takardar wucewa. Baba, don Allah kada ya tsaya neman komai, ko jaka. Takarda muna iya yin wata."

Muka kira ƙanena, Allah Ya sa layi ya shiga. Na gaya masa duk abin da ta ce. Sai ya ce ai ko ɗazu mai burodi ya zo masa da magana: surukinsa zai fitar da iyali da la'asar a motar ɗaukar kaya, ta wata gada da aka ce an buɗe, kuma akwai wurin mutum ɗaya. Shi mai burodin ba zai tafi ba, wai in ya tafi wa zai gasa wa waɗanda suka rage.

Akawu ya ɗaga hannu sama ya ce, "Shi ke nan! Allah Ya kawo!"

Amma ƙanena bai gama ba. Ya ce, "Sai dai Hamma, Baffa ya aiko jiya cewa yana hanya, gobe zai shigo ko ta halin ƙaƙa, don ya kawo mini kayana. Tsohon nan zai ratso wuta saboda ni. In fita in bar masa gida, ya zo ya tarar ba kowa? Kai ka ce kada in fita sai ya sallame ni. Yanzu me ka gani?"

Akawu na jin komai. Ya kama hannun rigata. "Ce masa ya fita. Malam, ce masa ya fita yanzu!"

Na sha komawa wannan wuri a cikin tunanina, har na san inda inuwar zauren ta tsaya a lokacin. Abin da na gani a zuciyata shi ne Baffa, tsoho mai furfura, ya iso ƙofar gidansa da ƙura a ƙafa, da jaka a wuya, ya yi sallama ba a amsa ba. Na ji abin da za a ce: jikokin wanda ya koma gida sun ci rago, da wuta ta tashi sun tsere ba ko ban kwana. Zumuncin da aka yi shekara da shekaru ana ɗinkawa da tawada, a ce a hannuna ya yage. Na ce a raina dare ɗaya ne, kuma motocin ai ba za su tashi da asuba ba.

Na ce, "Ka dakata zuwa gobe da sassafe. In ya iso, ku yi sallama ya raka ka. In bai iso ba, ka nemi hanya ka tafi."

Akawu ya saki rigata.

Ƙanena ya ce, "To, Hamma."

Ban sake jin muryarsa ba. Kafin magariba layin unguwarsu ya ɗauke. Baffa bai samu shiga birnin ba, an tare hanya tun daga nesa. Gadar da aka buɗe aka sake rufe ta. Motoci suka tashi.

Matar ofishin nan ita ta kira ni da kanta washegari, ta ce ta duba mota-mota ba ta gan shi ba. Ta sake kira bayan kwana uku daga kan iyaka, ta ce sunansa na nan a wurinta, akwai waɗanda ake fitarwa ta bakin teku, in aka same shi a gaya masa ya nufi can da duk wanda ya samu. Ban san sunanta ba, ban tambaya ba. Ina sa ta a addu'a har yau.

Mako biyar muka yi a haka. Kullum da safe matar ƙanena za ta hau keke mai ƙafa uku daga Nasarawo ta zo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta shiga ɗakin iyalina ta zauna da waya a cinya. Da la'asar ta koma. Ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba, ni kuma na ɗauka ba ta sani ba. Akawu bai daina gaishe ni ba, amma ya daina ce mini mai baya-baya. Malam kawai. Ya bi duk wanda ya sani a tsohon wurin aikinsa, ya je tasha wurin direbobin da ke zuwa iyakar Chadi, ya ba su suna da kwatance.

Ruwan shuka ya sauka. Ina gona ina saran shuka da hantsi sai ga Akawu a kan acaɓa, mutumin da gwiwarsa ba ta barinsa hawa acaɓa. Da na ga ya cire hula tun daga bakin gona, na ajiye sungumi.

Mai burodi ne ya samu ya fita wani gari mai layi, ya aiko da saƙon murya ta wayar ɗan kasuwar nan mai turare. Muka zauna a kan kunya muka saurara. Hausarsa irin ta kakanni ce, gauraye da Larabci. Ya ce baƙon Baffa ya cika, ranar wata Laraba, bayan azahar. Ba harsashi ba ne. Allurar sugarsa ce ta lalace da wuta ta ɗauke, sauran kuma ta ƙare, kantunan magani duk a rufe. Ya ce kafin nan ya cire bandejin da kansa, kuma idon ya buɗe, yana gani da duka biyun tangaran. Da mutuwa ta yi yawa a unguwar, ba tela, shi ya zauna a zauren Baffa yana ɗinka likkafani da hannu, da zanen gado da labule da duk farin ƙyallen da aka kawo. Ya ce mutanen unguwa ba su taɓa ganin ɗinki mai kyau irin nasa ba. Wanda aka sa masa ma ɗinkinsa ne. Maƙabarta ba ta shiguwa, sai suka binne shi a bayan gidan burodin, kusa da wata bishiya, suka kafa dutse. Ya ce kullum da safe sai ƙanena ya share ɗakin Baffa ya gyara shimfiɗa, ko tsohon zai iso.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muka yi zaman makoki a Nasarawo ba gawa, ba kabarin da za a nuna. Masu ta'aziyya suna zuwa suna cewa, "Sudan kuma? Ashe ba Kano yake ba?" Asirin da muka rufe don tsoron baki ya rufu sarai. Wani maƙwabcinsa ya ce da ya sani, ai ɗan yayarsa na karatu a can, yana cikin waɗanda mota ta kwaso daga tsallaken kogin, da ya ce ya biya ta kansa. Ya faɗa ne da kyakkyawar niyya. Akawu ya zauna tare da mu kwana ukun nan a kan tabarma, da ciwon gwiwarsa, yana miƙa wa baƙi ruwa.

Na san abin da littafi ya ce, ni nake karantar da shi. Ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ƙasar da aka rubuta wa mutum ita za ta kira shi. Na yi imani da haka, ban taɓa shakka ba. Amma ni ɗin dai na sha gaya wa ɗalibaina cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure dabbarsa. Igiyar har gida aka kawo mini ita, na sa ta a gafaka.

Da matarsa ta fita takaba, na je na same ta. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki. Rigar nan mai koren aljihu na rataye a bango, allurar na soke a inda ya bar ta. Na ce ina da maganar da ta daɗe tana cina, na fara ba ta labarin ranar motar.

Ta ce, "Na sani, Hamma."

Ta ci gaba da cewa:

"Da kuka gama ya kira ni. Na ce masa ya shiga motar nan, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da 'ya'yansa. Ya ce mini Hamma ya ce a jira."

Ashe duk safiyar da ta durƙusa ta gaishe ni, tana sane. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Ta aiko mini da ruwa a kofi, na kasa sha.

Bayan an yi girbi, mai turaren ya yi mini sallama da rana tsaka. Ya ce ya je iyakar Chadi, wani ya ba shi saƙo, wanda shi ma wani ya ba shi. Ƙunshi ne a cikin farin ƙyalle, an ɗaure da zare. Na kira Akawu kafin in kwance, ban san dalili ba.

Fasfon ne, da tikitin dawowa, da wasiƙata ta farko, da wata sabuwa. Ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Hannun Baffa ya yi rawa, amma nasa ne. Bayan sallama da ta'aziyya ya rubuta cewa sau huɗu yana gwada shiga birnin ana mayar da shi. Yanzu yana sansanin masu gudun hijira, gida ya tafi, gona ta tafi. A hanya an ƙwace masa komai har takalmi, amma ya ɗaure amanar a cinyarsa ba su gani ba. Ya ce bai samu ya mayar wa mai ita ba, bai samu ya sallami baƙonsa ba, wannan kunya da ita zai shiga kabari. Sai ya ƙara wani layi a gefe, da ƙananan baƙaƙe. Ya ce mai burodi ya ba shi labarin motar. Me ya sa yaron bai tafi ba? Da ya tafi, da ya fi kowa murna. Gida ai ba ya gudu.

A ƙarshe ya roƙa, kamar yadda ake yi, a rubuto a sanar da shi amana ta iso, don ya sauke ta daga wuyansa.

Akawu ya ɗauki fasfon. Hannunsa ya saba, sai ya shiga buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya kamar yana bakin aiki. Ya tsaya a kan hoton, inda ƙanena ya ɗan runtse ido saboda hasken na'ura. Ya wuce zuwa shafin hatimi. Hatimin shiga na nan, shuɗi, ya fito sarai. Ya juya shafi na gaba, ya sake juyawa, har ƙarshe, babu na fita. Ya rufe, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Mai turaren ya ce jibi zai koma, in akwai amsa.

Na kai wa matarsa fasfon da yamma. Washegari bayan na idar da walaha na jiƙa tawada, na fere alƙalami, na ɗauko takarda. Na yi sallama ga Baffa, na yi masa addu'ar komawa gida. Tambayar da ya yi a gefe na daɗe ina kallonta, har tawadar ta bushe a bakin alƙalamin na sake tsomawa. Na rubuta masa cewa yaron ya so ya bi umarnin yayansa ne, laifin ba na kowa ba ne a gidansu. Sannan na rubuta abin da ya roƙa: amana ta iso hannunmu, mun duba, babu abin da ya ɓata a ciki.